Mai Goge

Tun asuba nake barin Meskin,
buhu biyu na albasa a baya, ɗaya a kan tanki,
in ratsa yashin Mayo ina jan ƙafa a ƙasa,
babur na nishi, ni ma ina yi.
Kafin in kai kasuwar Marwa
kowa ya san na iso, saboda kukan sarƙa.

Ƙiƙi-ƙiƙi, sai ka ce ƙyauren langa-langa,
sai ka ce gyare ya tare a ƙarƙashina.
Yaran da ke sayar da fetur a kwalba
har suna suka raɗa mini: Mai Goge.

Mati bakanike ko kai bai ɗago ba:
"Baƙin mai, ga shi can a galan, ɗiba, kyauta ne."
Na kwarara mata har tana ɗiga.
Kwana ɗaya ta yi shiru,
amma ta zane mini wando har gwiwa.
Tasalla ta cuɗa sau uku bai fita ba,
ta ce gobe in wanke da kaina, ko in fita haka.

Bappa Yero, wanda ya tsufa da jan tirelar auduga,
ya ce giris, mai kauri, shi ba ya gudu.
Gaskiyarsa, bai gudu ba.
Zama ya yi yana karɓar baƙi,
duk ƙwayar yashin da ta zo ya ba ta masauki,
suka haɗa kai suka zama dutsen wasa wuƙa.
Sati biyar, haƙoran da sarƙa ke hawa
sun yi tsini kamar na ɗan kwikwiyo.
Jaka shida ta tafi. Ban gaya wa kowa ba.

Akwai na feshi a shagon Barmo,
gwangwani ja, da rubutun Faransanci.
Na ɗauka, na juya shi, na tambayi kuɗi,
ribar kwana huɗu cur.
Na mayar da shi a hankali, kamar ƙwai na ɗauka.

Kada in ɓoye: wani dare na saci man gyaɗa.
Da safe kiyashi sun yi layi tun daga bakin zaure,
akuyar maƙwabta ta durƙusa tana lasa.

A ranar ce sarƙa ta zame a tsakiyar Mayo,
albasa ta watse, masu ɗibar yashi na dariya.
Na turo babur gida da la'asar,
na zauna gabansa, ko ruwa ban sha ba.

Tasalla na kan keken ɗinkinta,
wanda ta gada wurin kakarta, bai taɓa tari ba.
Ba ta daina taka shi ba ta ce:
"Kai, a garinku ana shafa mai ba a yi wanka ba?"

Tsohon buroshin haƙori ta miƙo,
da kananzir ɗin fitila a murfin kwano.
Na bi gaɓa-gaɓa ina gogewa,
baƙin Mati ya fita, na Bappa ya bi shi,
har na ga asalin launin ƙarfe,
abin da na manta tana da shi.
Man giya na dala arba'in, ɗigo ɗaya kowace gaɓa,
ta ciki, ina juya taya da hannu,
sannan tsumma ya kwashe abin da ya yi saura.
"Wanda ido ke gani na yashi ne," in ji ta,
"nata shi ne wanda ya shige tsaka."

Yanzu duk Juma'a da yamma, tana da ɗumin tafiya,
nake mata wankanta.
Jiya na wuce yaran fetur ba su ji ni ba,
sai da na yi nisa ɗayansu ya ɗago,
ya ƙwalla: "Mai Goge, ina gogen?
Ko ka sayar ka ci albasa?"