Banjo Daga Gwanjo

A Ƙofar Wambai na tsince shi,
ƙarƙashin dilar rigunan sanyi,
fuskarsa fata, wuyansa dogo,
tsirkiya biyar, ɗaya ta tsinke.
Mai gwanjo ya ce, "Ban san sunansa ba,
kawo abin da ka kawo, ka ɗauke."

Na kai wa Baba Jatau mai gurmi.
Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne,
ya ce, "Ɗanmu ne, ya daɗe a ƙetare.
Hancin na gida ne, harshen ne ya sauya."
Ya zaro silin waya daga birkin keke,
ya ɗaura, ya ja, har ta yi magana.

Tun ranar dare ya daina zama nawa.
In na kulle shagon gyaran agogo,
aka sallame Isha, aka ɗauke wuta,
sai saman soronmu na Fagge.
Yatsu uku ke aikin:
babba ya sauka, biyu su ɗaga,
kamar mata uku a turmi guda,
ɗaya ta yi gaggawa, taɓare su gwabzu.

Bulugiras ake ce wa kiɗan,
na mutanen wasu tsaunuka masu nisa.
Ba shi da kirari, ba ya roƙon kowa,
gudu ne zalla.
Amma akwai wata kwana a tsakiyarsa,
kamar mahaɗar Ƙofar Nasarawa da la'asar,
sau arba'in na shige ta,
sau arba'in na kife.

Na girke agogon tebur a gabana,
na rage gudu, na bi bugunsa,
ni da ke gyara wa mutane lokaci
ga shi nawa ya ƙi zama.
Kan yatsuna ya yi kanta.
Lantana ta ɗago murya daga tsakar gida:
"Malam, wurin nan dai?
Ai ko ɗan akuyarmu ya haddace shi."

Asabar bayan Magariba,
garejin Bitrus a Sabon Gari.
Ƙasa baƙa da tsohon mai,
kujerun mota da aka cire su ne mazauni.
Bitrus da gitarsa ta coci,
Sallau direban tanka da gogensa,
Baba Jatau a kan taya,
Tanimu ya ɗaura wa jarka igiyar shanya,
tana gurnani kamar sa a mayanka.

Ba shugaba, ba mai ƙirga.
Kowa na da layinsa:
in ya zo kanka ka fito gaba,
sauran su shimfiɗa maka ƙasa.
Da gira ake miƙawa.

Sallau ya ja, ya zagaya, ya sauke,
ya ɗaga min gira.
Na fita.
Yatsuna na gudu, gumi na bin ƙeya,
na hango kwanar tana tahowa,
na riƙe numfashi,
na kife.

Bugu biyu hannuna na rataye a iska.
Na jira a tsaya, na jira dariya.
Ƙafar Bitrus ba ta fasa dukan ƙasa ba,
goge ya kwarara cikin ramin da na bari
kamar ruwan Agusta a kwatami,
jarka ta ce dum, dum, taho,
na yi tsalle na kama su
yadda ake kama bas tana tafiya.

Da aka zo shan shayi
na fara ba da haƙuri.
Baba Jatau ya hura kofinsa, ya ce,
"Wace kwana?"

Daren nan na sake hawa soro.
Agogon na bar shi a ɗaki.
Janareton maƙwabta na riƙe min ƙasa,
ƙafata ta koyi abin da ta gani.
Na shiga kwanar,
na sake kifewa,
ban tsaya ba.
A ƙasa, ina jin Lantana tana wanke-wanke,
cokali na bugun kwano daidai da ni.