Kakin Manjo

A Aboabo, bakin kwata, inda Fuseini ke dafa ataya,
tun la'asar ake gardama har aka kira isha'i,
kan Manjo Issaka Dogo, mai neman kujerar majalisa,
wanda hotonsa ya rufe bangon shagona har da taga.

Alhaji Mumuni ya ce, "Ni da idona na ga takarda:
Labanan sau biyu, Laberiya sau ɗaya.
Harsashi na nan a cinyarsa, shi ya sa yake ɗingishi."
Seidu direba ya tuntsire da dariya:
"Ɗingishin nan, babur ne ya ba shi a Kejetia.
Ni na kai shi asibiti, ko sidi ɗaya bai biya ba."

Wani ya ce kuku ne a bariki, albasa kaɗai ya yanka.
Wani ya ce, to, sojan da bai ci ba, da me zai ɗaga bindiga?
Sai Braimah, wanda bakinsa ba ya da linzami,
ya ce, "Ku bar batun soja, ku tono tushe.
Kakansa fataucin goro ya kawo shi,
ubansa kuwa, shekarar kora, a bayan babbar mota..."

Wuri ya yi tsit.
Kowa a kan bencin nan
yana da nasa da ya hau motar.
Fuseini ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya,
kumfa ta cika kofi, ba wanda ya miƙa hannu.

Ni ina gefe, ban ce uffan ba.
Tela na auna mutum, ba ya tallar awonsa.
Amma daren Talata, bayan an ɗauke wuta,
shi da kansa ya zo, ba direba, ba 'yan rakiya,
da kaki a naɗe cikin baƙar leda.
"Tahiru, buɗa mini ita, ta matse ni a ciki."
Na haska fitilar waya, na juya wuyan rigar.
Da jan zare, ɗinkin hannu, ɗinkin uwa,
an saƙa suna.
Ba Issaka ba.
Alidu.

Alidu wansa, mai tsaron gidanmu a ƙwallo,
wanda ke fito da yatsu biyu a ji shi har Asawase.
Ya tafi Laberiya.
Akwatin kayansa ya dawo, shi bai dawo ba.
Tun ranar Mma Sanatu ta kife tukunyar waakye,
layinmu bai sake jin ƙamshin ba.

Na dube shi, ya dubi keken ɗinki.
"Ni ma na yi soja," in ji shi, "shekara shida,
a ofis a Ankara, ina buga takardu.
Takardar da aka kawo wa Mma,
ni na buga ta. Sau uku ina ɓata sunan.
Manjo kuwa, 'yan zango suka raɗa mini.
Ban taɓa cewa na je ba."
Ya yi shiru.
"Ban dai ce ban je ba."

Na farke gefe da gefe, na ƙara inci biyu.
Rigar siriri ce, ba ta so, sai da na lallashe ta.
Ya ce, "Sunan fa?"
Na ce almakashina bai da kaifin wannan.
Ya ajiye sidi hamsin, ban ƙirga ba, ban mayar ba.

Yanzu ga su can, sun koma kan ɗingishi,
Seidu na rantsuwa, Alhaji na buga sanda.
Kwata na nan yadda take, sauro na ta kiɗinsa.
Jibi za a dangwala.
Wannan babban yatsan da allura ta gama hudawa,
har yanzu ban san inda zai sauka ba.