Ƙanen Kundi

Ranar da na karɓi makullai
ruwa ake yi a tsibirin, irin wanda ba ya sallama.
Jirgin fito ya ƙi tashi.
Na shiga rungume da kundin da aka aiko daga Santiyago,
shafi ɗari huɗu da sittin, bango shuɗi:
kasafi, ma'aikata, sayen kaya, kandagarkin haɗari.

Eliana Barriya, shekara ashirin da shida a kan kujerar,
ta auna shi a tafin hannu
kamar mai sayen dankali.
Ta ce, "Karanta shi, ba ya ƙarya.
Amma ga ƙanensa."
Ta jawo aljihun tebur, ta miƙo mini
ɗan littafi mai tabon shayi, an ɗaure shi da roba.

Shafin farko:
In iskar arewa ta taso da la'asar,
ƙirga tukwanen iskar numfashi kafin ka ƙirga kuɗi.

Na huɗu:
Injin wuta yana da tsohon tari.
Erasmo kaɗai ya san maganinsa,
kar ka ba shi hutu a watan Yuli,
ka biya shi da sati biyu lokacin tsiron dankali.

Wani wuri, da jan biro:
Mai shara ta san majinyacin da ya kwana bai ci ba.
Tambaye ta kafin likita.
Ranar da aka yi rashi a ɗakin yara
kar ka kira taro.
Je ka tsaya a baranda. Tsayuwar ma aiki ce.

Na yi murmushin ɗan makaranta,
na mayar da shi aljihun tebur.

Sai daren sha tara ga Agusta.
Teku ta haukace, wuta ta ɗauke,
masunta suka shigo da mace mai naƙuda a cikin bargo,
jini yana bin sawunsu.
Kundi ya ce: a tura ta babban asibiti.
Ta wace hanya?
Amma a shafi na ɗari biyu da sha biyu
ya jera mini wa zan tasa, wa zai riƙe me,
na bi shi layi-layi da fitilar waya a baki.
Ƙanen kuma ya ce:
Malamin firamare, Abelardo Mansiya, jininsa na kowa ne.
Buga taga, ba ya jin ƙofa.

Na buga taga.
Erasmo yana can yana lallashin injinsa kamar jariri.

Da asuba yarinya ta yi kuka, uwar ta nemi ruwa.
Na zauna, takalmi jiƙe, na buɗe ƙarshen littafin.
Shafuka farare, wajen talatin.
A saman na farko ta rubuta:
Isma'el, daga nan naka ne.

Na daɗe ina kallon biro.
Sannan na rubuta:
A sayi fitilar goshi guda shida.
Baki na magana ne.