Shayi Na Biyu

Na kunna ta da hantsi a shagona na Bagalam,
na ɗora shayi, ya tafasa, na sha na fari,
ita tana nan tana miƙa.
Malam Tsahiru na tsaye da takardar filinsa,
ɗan kabu-kabu na jiransa a waje, mai na ƙonewa.

Sai Harira, ɗiyar ƙanena, ta taso daga lakwal,
ta ja kujera: "Baba, ba tsufa ba ne, lodi ne.
Ka ga waɗannan? Su goma sha bakwai,
kowa tare da ita yake tashi,
yana neman karin kumallo tun ba a hura wuta ba."

Ta sallame su ɗaya-ɗaya, ta bar uku.
Hotunan sunan bara waccan
ta juye su a kile.
Ta kwance murfi, ta hure fanka,
har da gawar kyankyaso.

Yanzu kafin in ɗauraye kofi ta buɗe ido.
Tsahiru ya ajiye dala arba'in, ya wuce.
Ni kuwa shayina na biyu,
wanda jira ya saba ba ni,
na rasa lokacin shansa.