Mita Goma

A Jeju, kafin hantsi,
Bu Chun-ja ta ɗaura dalma a ƙugu,
tana gaya wa jikarta:

"Ruwa ba daga sama kaɗai yake danna mutum ba.
Ta ko'ina yake zuwa,
ta haƙarƙari, ta tafin ƙafa,
kamar mai bin bashi.

Mita goma ƙasa,
nauyin iskar duniya ya ninka a kanki.
Huhu ya tsuke, ya koma rabi.
Toshe hanci, hura a hankali,
ki biya kunne haƙƙinsa."

Ta nutse.

Ta taso da dodon koɗi uku,
ta saki dogon fito.
Kunnenta na hagu,
wanda teku ya karɓe tun tana budurwa,
bai ji ba.