Takardu Biyu a Teburin Yaji

Ka zo rumfata bayan isha'i, Jazuli,
ka sunkuya don kada kwanon rufi ya sare maka goshi,
ka ajiye takardu biyu kusa da albasa.
Ka ce, Kawu, kwantiragina ya ƙare ranar Alhamis,
yau ni ba na kowa ba ne.

Na juya tsire. Gawayi ya riga ni magana.

Ɗaya ta Riyad ce:
shekara uku, gida a bene na tara, likitan gwiwa naka kai kaɗai.
Ɗayar ta nan Jidda,
shekara guda, kuɗin bara, da "za mu duba".

Ni ban san lissafin nan ba.
Abin da na sani ƙarfen tayar keke ne
da na fige wa wayoyi, na ɗaure a falwayar lungunmu na Sabil,
da guntun ragar masunta da na tsinto a Bangala,
tana ƙarnin kifi har damina biyu,
in ana kiran yayyafin garin nan damina.
Kana ɗan shekara takwas kake jifa,
uwarka Kubura tana leƙe, tana ƙirga silifas ɗin da ka tsinka.

Tun Juma'a direbobi ba su bar ni na yi ciniki ba.
Sammani ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Mudi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.
Suka kusa kifar min da ƙuli.
Babu ɗayansu da ya taɓa dira a kan gwiwar hagunka
ya ji abin da take faɗa da asuba.

Ka tuna Munzali?
Lamba shida, wanda ke ba ka ƙwallo ba tare da ya dube ka ba.
Jijiya ta tsinke, aka ba shi fure da hoton ban kwana.
Jiya ya wuce nan a babur, da akwatin abincin wasu a bayansa.
Ƙungiya ba uwa ba ce. Wannan kam na yarda.

Amma a can akwai mai gari tun kafin ka zo.
A nan, in saura daƙiƙa huɗu, ana bin mu biyu,
har mai sayar da ruwa ya san hannun da za a nema.
A can za ka ɗaga hannu, ƙwallo ta wuce ta kanka
zuwa wajen wani.
Ka iya haɗiye wannan? Tambaya ce, ba gori ba.

Kakanka ya baro Gumel da ƙafa.
Shekara bakwai yana tsinkar auduga a Madani
kafin jirgin ruwa ya tsallako da shi daga Sawakin.
Ba wanda ya ce masa maci amana.
Sai dai ranar da zai cika
rijiyar ƙofar gidansu yake tambaya, ko tana da ruwa.

To ka ga, jininmu bai san amsa ɗaya ba.

In ka tafi, ranar da kuka zo wasa da mu
zan zauna cikin namu, in yi maka ihu har muryata ta dushe,
ina ƙirga kwandunanka a yatsu, ƙarƙashin riga.
In ka zauna, kada wata rana gwiwa ta ƙi
ka dube ni ka ce don ni ne.

Matsar da takardun, mai yana ɗiga.
Ga shi ya ɓata ɗaya, daidai wurin sa hannu.
Kada ka mai da shi ishara, kitsen rago ne kawai.

Ci naman tun da zafinsa.
Alƙalami ba ya hucewa.