Aikin Dare a Grimsby

Ƙarfe uku da kwata ƙararrawa ta kaɗa
a ɗaki na sha ɗaya.
Mista Ogden ne, tsohon masunci,
ya zamo daga gado, yana zaune a ƙasa
yana zagin silifas ɗinsa.

Akwai takarda manne a bangon ofis:
kada ma'aikaci ya ɗaga mutum shi kaɗai.
Ranar da na kama aiki na karanta, na yi murmushi.
Ni da na yi dakon buhu a Dawanau
tun gemu bai tsiro ba,
tsohon da bai fi tiya ashirin ba zai gagare ni?

Na sunkuya. Na cicciɓa.
Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna,
sai ga mu biyu a ƙasa muna kallon juna.
Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina teku,
ban ga wanda ya ja taru shi ɗaya ba."

Marzena ce ta fara shigowa,
wadda wata biyu ba ma ga-maciji
kan madarata da ta shanye a firji.
Ba ta ce uffan ba.
Shi ta sa masa matashi, ni ta sakar mini harara.
Tendai ya gunguro injin ɗagawa,
Luz ta tallafi kafaɗa tana ƙirge,
ɗaya, biyu,
a kan uku tsoho ya koma gado
kamar an ɗauki faifai.

Sannan suka juyo kaina.
Ƙirgen dai shi ne.

Sati biyu ina kwance ina kallon silin.
Tendai ya karɓi Talatata, Luz ta ɗauki Lahadi,
Marzena ta aiko wata miya ja wur
da har yau ban iya faɗin sunanta ba,
da kwalin madara. Babu wasiƙa.

Yanzu in ƙararrawa ta kaɗa
nakan leƙa baranda tukuna: wa ke kusa?
Da asuba Tendai ke tsare mini hawa na biyu,
minti bakwai, har in sallame.
Wannan ba a manna shi a bango ba.

Mista Ogden ya rasu a watan Maris.
Mu huɗu muka gyara gadon,
ruwa na dukan taga,
kowa riƙe da kusurwarsa ta zanen.